Idon Kaka

Auta tana tsugune a tsakar gida tana wanke burushin fenti aka ƙwanƙwasa ƙofa. Malamar zane ce a wata sakandare, kuma ranar Asabar kaɗai take samun sararin taɓa nata zanen. Ta goge hannu a tsohuwar rigarta ta je ta buɗe.

Ƙaton kwali ta fara gani, sai ƙafafu biyu a ƙasansa. Da aka sauke kwalin sai ga saurayi, gajere mai faɗin kafaɗa, da usur rataye a wuya. Ya gaishe ta cikin ladabi, ya ce shi ne mataimakin kocin ƙwallon kwando na kwaleji, tsohon koci yake nema.

Ta dube shi daga sama zuwa ƙasa, abin da bai ci mata lokaci ba.

"Ƙwallon kwando ka ce?"

"Kowa sai ya sake tambaya," in ji shi yana murmushi. "Ni nake faɗa, su suke tsalle."

Ta yi ƙoƙarin danne dariya ta kasa, ta matsa masa ya shiga.

Tsohon kocin kakanta ne, mahaifin Mama. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana horar da samarin kwalejin, yanzu kuwa idanunsa sun yi rauni, daga haske sai inuwa yake gani. A baranda yake wuni da rediyonsa. Saurayin ya durƙusa ya yi masa bayani: ana gyaran zauren wasanni, sai aka tsinci tsofaffin hotunan ƙungiya a sito, babu suna ko ɗaya a jikinsu. Ana so a rataye su da sunan kowa a ƙasa, kuma duk wanda aka tambaya sai ya ce a je wurin tsohon koci.

Kaka ya yi dariya har da tari.

"Yaro, makaho ka kawo wa hoto." Sai ya juya inda yake jin motsinta. "Amaryata, zo ki ara mini idonki."

Ta zauna kusa da shi ta ɗauki na farko. Samari ne layi biyu cikin jesi, takardar ta yi ja don tsufa. Ta ce na farko a layin baya dogo ne. Kaka ya ce duk dogaye ne, ta bar wannan. Sai ta nutsu ta duba da idon mai zane. Ta ce kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka, ya ɓoye hannu ɗaya a baya, kowa na dariya shi kuma ya rufe baki gam.

"Giɓi ke nan," Kaka ya ce a hankali. "Haƙoransa na gaba a filin wasa ya bar su."

Haka aikin ya fara. Sai dai Kaka laƙabi kawai ya riƙe: Giɓi, Bahago, Tsinke, Zakara. Sunan yanka duk ya zube masa. Saboda haka saurayin, wanda Kaka ya raɗa wa Ƙaramin Koci, ya ɗauki nauyin bin sawun mutanen ɗaya bayan ɗaya. Kowace Asabar yana zuwa da sababbin hotuna da labarin waɗanda ya samo. Auta ta lura ba ya katse Kaka ko da labarin ya maimaitu, kuma idan tana kwatanta fuska, ba hoton yake kallo ba.

Saƙonsa na farko a ajin zane ya same ta.

"Idon Kaka, na samo Bahago. Shagon taya gare shi a bayan tashar mota. Da na ce tsohon koci na gaishe shi sai ya zauna a kan taya. Ya ba ni lambar abokansa. Ya ɗalibai?"

Ta amsa a lokacin hutun tara.

"Ɗalibai sun zana mini doki mai kama da tebur. Kaka ya ce ka gaya wa Bahago har yau bai yafe masa ƙwallon da ya zubar a wasan ƙarshe ba. Ni kuma na ce ka tsaya ka ci abinci."

Ba ta san ranar da kalmar Kaka ta faɗi daga sunan ba. Ta dai wayi gari da saƙo mai cewa, "Idona, kin tashi lafiya?" Ta karanta ta kife wayar, ta sake ɗauka ta karanta.

"Lafiya lau, Gajerena," ta rubuta, ta aika kafin kunya ta hana ta.

Kaka ba ya gani, amma kunnensa ba ya barin komai. Ya fara ƙorafin cewa an shigo da sunan hoto ana neman ƙwace masa mata, kuma in da yana da ƙarfinsa na da, sai ya ɗaga ɓarawon ya jefa shi a kwando. Ƙaramin Koci yakan sunkuyar da kai ya ce a yi masa afuwa.

Mama ce kaɗai ba ta shiga wannan raha. Tun rasuwar baban Auta ita ke riƙe da gidan da shagon yadinta, kuma duk Asabar takan wuce barandar fuska a ɗaure. Wata rana Kaka ya maƙale a kan wani hoto. Auta ta kwatanta ta sake kwatantawa, ya kasa. Mama ta zo ajiye musu ruwa, ta ɗan leƙa.

"Zakara ne. Shi ya fasa tagar ɗakinmu. Na kusa da shi Tsinke, watanni ya yi yana kwana a falonmu. Wancan na ƙarshen kuwa jesinsa sai na jiƙa ta kwana kafin ta fita."

Ta bi layin har ƙarshe ba ta yi kuskure ba, muryarta babu daɗi ko kaɗan. Ta ajiye tiren ta shige.

Da yamma ta kira Auta ɗaki tana ninke yadi. Ta gaya mata abin da ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce ta tashi a gidan da kullum cike yake da 'ya'yan wasu, uban gidan kuma kullum yana hanya. Ranar da mahaifiyarta ta cika a asibiti, Kaka yana wani gari da ƙungiya, ita kaɗai ce a bakin ɗakin, yarinya ƙarama, ba ta ma san wa za ta kira ba.

"Ba yaron nake ƙi ba, Auta. Yana da tarbiyya. Aikinsa nake ƙi, don na san abin da yake ci."

Ta ƙara da cewa ɗan ƙawarta, injiniya, ya daɗe yana neman auren Auta, mutum ne da ake sanin lokacin fitarsa da na dawowarsa. Hawaye suka cika wa Auta ido.

Asabar ta zagayo, Ƙaramin Koci bai zo ba. Saƙo ya aiko.

"Aikin hotuna ya kusa kammaluwa, sauran zan ƙarasa da kaina. Na gode da duk abin da kika yi. Ki gaishe da Kaka."

Ba Idona, ba komai. Ta kira bai ɗauka ba. Zuciyarta ta ba ta cewa dama sunaye yake nema, ya samu ya kama gabansa, an ci moriyar ganga. Ta daina taɓa burushi. Injiniya ya fara zuwa, mutumin kirki, ba ya makara. Ya tsaya gaban wani zanenta ya daɗe, sannan ya ce ya yi kyau ƙwarai, sai dai layin rufin ya ɗan karkace. Ta yi masa godiya. Kaka kuwa ya daina wasan amarya, rediyo kawai yake murɗawa.

Wata safiya Kaka ya zame a banɗaki, ƙashin ƙugunsa ya karye. A asibiti likita ya ce sai an yi aiki, kuma ana bukatar jini. Daga Mama sai Auta a doguwar barandar asibitin. Kafin a shiga da shi ɗakin tiyata, Kaka ya tambayi Ƙaramin Koci har sau biyu. Auta ta haɗiye fushinta ta rubuta.

"Kaka ya faɗi, muna asibiti, za a yi masa aiki. Don ya tambaye ka ne na sanar da kai."

Amsa ta zo nan take.

"Allah ya ba shi lafiya. Muna cikin bas za mu gasa, babban koci na kwance, yaran ba su da kowa sai ni. Ba zan miki ƙarya ba, ba zan iya juyowa ba. Amma ba za ku zauna ku kaɗai ba."

Mama ta karɓi wayar ta karanta, ta miƙo mata.

"Kin gani da idonki," kawai ta ce.

Rana ba ta kai tsaka ba wani dogon dattijo ya shigo yana sunkuyar da kai a bakin ƙofa, hannunsa baƙi da man taya, da samari biyu a bayansa. Ya tsaya gaban Mama ya kira ta 'Yar Koci, sunan da rabonta da ji tun tana yarinya. Bahago ne, ya kawo 'ya'yansa su ba da jini. Bayansa sai ga Giɓi da haƙoran roba, sai Zakara da sanda, sai wasu da Auta ta gane tun daga nesa ta tsayuwarsu, duk da furfura da tumbi. Kowanne ya ce Ƙaramin Koci ne ya kira shi daga cikin bas. Barandar ta cika har nas ta roƙe su su rage murya.

Tsinke ya zauna kusa da Mama. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

"Ƙanwata, mu muka cinye miki uba. A lokacin ba mu da hankalin ganewa. Muna tare da shi ranar da labarin ya zo, kuma tun daga ranar ban sake ganin ya yi dariyar cin wasa ba."

Mama ta rufe fuska da mayafi. Auta ba ta taɓa ganin kukanta irin na ranar ba.

Aiki ya yi kyau. Dattawan suka raba zaman jinya a tsakaninsu, har Mama ta samu ta koma shago. Da Kaka ya farfaɗo sosai ya nemi hannun 'yarsa ya riƙe, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Auta ta ja musu ƙofa ta fita.

Ƙaramin Koci ya iso daga tasha kai tsaye, jaka a kafaɗa, idanu sun faɗa. An fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe. Auta ta tare shi a baranda ta tambaye shi laifin da ta yi masa. Ya ce babu. Ta ce to me ya sa. Ya kafa wa takalminsa ido.

"Ni na tare shi a bakin ƙofa na ce ya fita hanyarki," in ji Mama daga bayansu. "Ya ce to. Ashe ko ke bai gaya wa ba."

Ta sa shi ya zauna a benci, ta tambaye shi kai tsaye ko zai bar aikin nan in ta ba shi 'yarta.

"Mama, in na ce zan bari na yi miki ƙarya, kuma ba na so in fara da ƙarya. Amma na ga abin da aikin ya ci a gidanki. Ke kika fi kowa sanin inda ramin yake. Duk ranar da kika ga na nufe shi, ki kira ni ki faɗa mini, zan ji."

Mama dai ta ce ya shiga, tsohon na ta cigiyarsa. Kwana kaɗan bayan haka ta je gidan ƙawarta da kanta ta ba da haƙuri. Injiniya ya karɓi lamarin da dattako, har ya aiko wa Kaka sandar dogarawa mai kyau.

Da yammacin ranar saƙo ya shigo wayar Auta.

"Idona, an ce in turo manyana."

"Ka turo su, Gajerena. Amma ka sani, fushina bai gama hucewa ba. Sai ka yi ta lallashi har mu tsufa."

"Na karɓi aikin."

Sai da Kaka ya fara takawa aka sa rana, don ya rantse ba za a ɗaura yana kwance ba. Aka ɗaura aure cikin taro mai albarka, gidan ya cika da dangi da ɗalibanta da 'yan wasansa. Da lokacin tafiya ya yi, Auta ta rungume Mama ta ƙi saki, sai da aka lallaɓa aka sa ta a mota. Angon ya zagaya zai shiga, Mama ta riƙe ƙofar.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai jin ƙai." Ta ɗan tsaya, ta gyara masa wuyan riga. "Kai kuma ɗana, ka tuƙa a hankali. Duk abin da na mallaka yana cikin motar nan."

Ya ce in Allah ya yarda, Mama. Motar ta tashi a hankali kamar yadda aka ce, Auta na ɗaga hannu ta taga har suka sha kwana.