Gwiwar Hannun Orsola

Ƙarfe biyar da rabi na yamma Orsola ta ture farantin taliya da kabeji, ta ce wa mijinta ya tashi su tafi. Tun da suka iso masaukin da ke ƙololuwar dutsen ta kasa zama wuri ɗaya. Ta leƙa taga ya fi sau goma.

"Tsohuwa, ki bari in shanye kofina mana," in ji Gaudenzio. "Korar mu aka yi?"

"Shanye a tsaye. Ƙwayarka tana ƙasa."

Abin da ke cin ta ke nan. Shekara talatin da ɗaya suna hawa keke tare, duk ƙarshen bazara, daga wannan tafki zuwa wancan, suna ƙetare duwatsu. A bana aka yi wa Gaudenzio aikin zuciya, likita ya ce kada ƙwayar yamma ta wuce lokacinta. Ita ce ta nace sai sun zo. Ita ce kuma, da hannunta, ta jefa maganin cikin jakar da mota ta wuce da ita otal ɗin bakin tafki. Orsola ba ta iya ba da haƙuri ba, sai dai ta yi faɗa, don haka tun rana take faɗa.

Delfina, mai masaukin, ta raka su bakin ƙofa tana goge hannu.

"Hazo na tasowa daga ruwa. In kun isa mararraba ku riƙe dama. Ta hagu tsohuwar hanya ce, tun da aka yi madatsa tafki ya haɗiye ta." Ta dubi Orsola. "Kuma 'yar'uwa, duk wanda ya biyo ki a baya, ki bar shi a bayan."

"Wannan tsohon ne kaɗai ke bi na, shi ma da ƙyar."

"Ina bin ki ne don in ga inda za ki faɗi," in ji Gaudenzio.

Suka hau. Orsola ta kunna jar fitilar da ke maƙale a aljihun bayan rigarta, ta shige gaba.

Masu doguwar tafiya a keke suna da tsarinsu. Na gaba yana tare iska, na baya yana lafewa dab da tayarsa yana hutawa. In na gaba ya gaji ba ya magana, ba ya waiwaya. Gwiwar hannu kawai zai ɗan kaɗa, na baya ya zo ya karɓe shi. A bana Orsola ta yi wa kanta alkawari ba za ta kaɗa wa Gaudenzio gwiwa ba ko sau ɗaya. Kwana shida ita kaɗai take cin iska, kafaɗunta har sun daina jin nasu.

A kwana ta huɗu hazo ya rufe su. Farin layin gefen kwalta kawai take gani. Can nesa ƙararrawar shanu tana kaɗawa, sai ta ɗauke.

Iska ta taso daga ƙasa, mai sanyi, ta tokare mata ƙirji. Gangara ce, amma sai da ta taka feda. Idonta na zubar da ruwa. A bayanta tana jin ƙarar tayar da ba a takawa, tik-tik-tik, dab da ita.

Ba ta yi niyya ba. Jiki ne ya saba. Gwiwar hannunta ta hagu ta kaɗa da kanta.

Nan take keken baya ya zo ta gefenta, ya wuce, ya shige gaba. Iskar ta yanke. Wani daɗi ya ratsa ta, har ta ji kunya.

"Minti biyu kawai, tsoho," ta ce. "Ka ji ko?"

Ya ci gaba da taka feda.

Ta lafe a bayansa, ta kafa ido a kan tayarsa, kamar yadda aka saba. Tayar ta karkata hagu, ita ma ta karkata. Kwalta ta fara gargada. Tsakuwa na tsalle tana bugun ƙarfen keken.

Wari ne ya fara isa gare ta. Warin rigar ulu da ta jiƙe ta daɗe ba a shanya ba, da taɓon ƙasan ruwa.

Ta ɗan ɗaga ido. Tayar siririya ce, irin ta da. Wani koren abu ya nannaɗe wayoyinta, yana watso mata ruwa a fuska. Ƙafafun mahayin farare ne fat, suna juyawa a hankali, ba gajiya. Bayansa ba ya tashi, ba ya sauka. Tun da aka yi wa Gaudenzio aiki numfashinsa yake fita da ƙara, ko a barci.

Wannan ba ya numfashi.

Sai ta ji tari a bayanta. Tarin da ta sani tun tana budurwa.

"Orsola," muryar Gaudenzio ta zo a sanyaye. "Ba na ganin komai sai fitilarki. Kada ki yi nisa."



Ta damƙe birki. Ya lotsa har ƙarshe, bai kama ba. Ta buɗe baki ta ce ya tsaya, leɓunanta sun daskare, iska ce kawai ta fita.

Gangarar ta ƙara tsanani.

Ta fara jin ruwa. Yana lasar duwatsu, a ƙasa, kusa.

Na gaba bai waiwayo ba. Ya sauke hannu ɗaya a bayansa, ya yafito ta da yatsu, yadda abokin tafiya ke cewa matso, kada ki saki taya.

Ita kam ta riga ta tafi, ta san haka. Amma Gaudenzio ba ita yake bi ba. Jar fitila yake bi.

Ta saki hannun dama. Keken ya yi tangaɗi. Ta lalubi aljihun baya, yatsunta kamar na wani. Ta fizga. Rigar ta yage.

A dama akwai gangaren ciyawa, ta ji warinta.

Ta wurga fitilar can.

Ta ji taya ta kauce, ta ji ƙarfe ya bugi ƙasa, ta ji Gaudenzio ya kurma ihu yana zagin kakan hanyar. Ba ta taɓa jin zagi mai daɗi kamar wannan ba.

Sai ruwa.

Sanyin ya datse mata numfashi. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Keken bai tsaya ba, yana ci gaba da gangarawa a ƙarƙashinta, kamar ana jan sa da igiya. A gabanta kan mahayin yana nutsewa sannu a hankali, ƙafafunsa har yanzu suna juyawa.

Takalmanta a kulle suke da feda, irin na masu tseren keke, sai an murɗa dunduniya suke fita. Ta murɗa dunduniya. Ɗaya ta fita. Ruwa ya kai wuya. Ta murɗa ɗayar, takalmin ya ƙi, ƙafar ta zare ta bar shi.

Da rarrafe ta fito, tana bin jan hasken da ke ƙiftawa cikin ciyawa.

Gaudenzio na kwance, ya riƙe kafaɗa. Ta kifa kunne a ƙirjinsa. Yana bugawa.

"Haukacewa kika yi?" ya raɗa. "Wa kike ta kira tsoho a can gaba? Ni fa ina bayanki tun daga sama."

"Ni na manta ƙwayarka," ta ce, haƙoranta na karo. "Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallonta.

Mai gadin madatsa ne ya tsince su, ya kai su otal a motarsa. Gaudenzio ya sha ƙwayarsa, aka ɗaure masa ƙashin kafaɗa. Keken Orsola kuwa ba a gan shi ba har yau.

Sun ci gaba da hawa, amma yanzu a jere suke tafiya, kafaɗa da kafaɗa, masu mota na ta danna musu oda. Maƙwabta sun lura Orsola ta sauya tafiya. Ko kasuwa za ta, ko miya take juyawa, gwiwar hannunta ta hagu tana manne da haƙarƙarinta. Suna cewa ciwon sanyi ne, ita kuma ba ta musa ba.

Da yamma, in gida ya yi tsit, takan ji shi dab da bayanta. Tik-tik-tik. Ba ya gaggawa. Jira yake ta gaji.