Layin Da Ba Shi Da Suna

Aikin mutumin ke nan a ofis: sa ido a kan fayiloli. Duk wanda ya buɗe fayil, kwamfuta za ta rubuta sunansa da lokacin a rajista. Sa idon ya bi shi har gida, har 'yarsa Auta ke tsokanarsa da Mai Gadi.

A kwamfutar gida akwai fayil guda da ya fi ƙauna, muryar marigayiya matarsa tana waƙa tana wanke-wanke. Wata rana da magariba ya duba rajista, ya ga an buɗe shi jiya, an buɗe shekaranjiya, duk daidai faɗuwar rana. Gurbin suna kuwa fayau. Haushi ya kama shi, ya kulle fayil ɗin.

Washegari da magariba tsakuwa ta fara sauka a rufin kwano. Auta ta saki kofi, ta zauna daɓas a bakin wurin wanke-wanke, ta kama waƙar uwarta da wata murya mai kauri. Kwana tara ba ci ba barci, ta rame kamar tsinke. Uban ya yi kuka har ya gaji.

Aka kira malami. Ya daɗe yana karatu kafin muryar ta amsa.

"Me yarinyar nan ta yi maka?" in ji malam.

"Ba ta yi min komai ba. Shekara ashirin ina bayan ƙofar kicin ina jin waƙar uwarta. Ta rasu, na bi muryar cikin akwatin can. Wannan ya rufe min ƙofa, ni kuwa na sami maƙogwaro irin nata."

"Zan buɗe!" in ji uban. "Wallahi yanzu zan buɗe!"

"Ka ci gaba da ƙirga zuwana? A'a. Ka goge waƙar daga akwatin, ka ba ni ita ɗungurum, in tafi."

Malam ya dubi uban. "Kana da wani kwafi?"

Ba shi da shi. Mai gadin fayilolin mutane bai taɓa kwafe nasa ba. Ya roƙi a bar shi ya saurara sau ɗaya, muryar ta ƙi. Ya goge fayil ɗin.

Auta ta yi atishawa sau uku, ta ce, "Baba, yunwa nake ji."

Daga baya ya duba rajista. Layin ƙarshe ne kaɗai mai suna: an goge, da sunansa a gefe.