Addu'ar da Waya Ta Juya

Zulai'atu na jiƙa wa mahaifinta magani a tsakar gidansu da ke Yelwa, sai wayarta ta yi ƙara. Mahaifin nata, Malam Arzika, ya daɗe kwance, ko kasuwar kifi ba ya iya leƙawa.

"Inna, duba mini, hannuna da ruwa. Ƙila Hamza ne."

Hamza malamin makaranta ne a Wara, shi aka yi wa alkawarinta. Inna ta karanta saƙon a fili: "Na ji labarin Baba. Allah ya jiƙansa da rahama."

Kwanon maganin ya suɓuce daga hannun Zulai'atu.

"Innalillahi! Malam na numfashi wanga yaro ke mana ta'aziyya?" in ji Inna. "Ashe jira yake ya mutu!"

"Inna, wallahi waya ce! Kibod ɗin kan canza magana da kansa..."

"Rufe mini baki! Waya zuciya gare ta?"

Sufyanu, yayan Zulai'atu, ya rantse sai an mayar da kayan gaisuwa. Zulai'atu ta sha kuka har idanunta suka kumbura, amma ba ta sake musu da Inna ba. Jinyar mahaifinta ta riƙe, tana kai kukanta ga Allah.

Hamza ya hawo babur ya zo, aka hana shi shiga. Bai yi fushi ba. Kullum aka tashi makaranta sai ya zo ya zauna a zaure, har Malam ya ji labari ya ce a shigo da shi.

Hamza ya durƙusa. "Baba, ƙara sauƙi na nufa. Tun da jirgin ruwa ya kife da mutanen garinmu nake ta tura ta'aziyya, har wayar ta saba. Ina rubuta 'Allah ya', ta ƙarasa da kanta. Laifina ne, ban duba ba."

Inna ta tuna mamatan, ta sunkuyar da kai.

Malam ya yi murmushin da aka daɗe ba a gani ba. "Rahama ai ko mai rai na so, na ce amin. Amma Hamza, in babba ba shi da lafiya, ka taka ka zo da ƙafarka."

Bayan girbin shinkafa, Malam da kansa ya ba da auren. Da an yanke hukunci cikin fushi, da kalma ɗaya ta raba su; haƙuri da sauraron uzuri ne suka tsare wannan aure.