Kunyar da Ta Kwantar da Hure

Wayyo Hure! Kwana uku ke nan tana kwance a tabarma, jiki zafi rau, mara na murɗa mata, in ta tsuguna fitsari sai ta ciji bakin zaninta don kada a ji kukanta. Marainiya ce, ba uwa ba uba, wata biyar kacal da kawo ta gidan Gwadabe a Kademi, a kakar gyaɗar 1969. Gwadabe na sonta, amma gidan a hannun yayarsa Gaji yake, bazawarar da ta dawo gida da baki kamar reza.

Bayan gida ɗaya ne a gidan, hanyarsa kuma ta gaban rumfar Bappa take, mahaifin Gwadabe, wanda ciwon ƙafa ya zaunar wuni guda. Tun ranar farko Gaji ta kafa doka: "Surukar kirki ba ta gifta surukinta da buta a hannu. Mu nan muna da kunya!" Ita kuwa baiwar Allah wa za ta tambaya? Sai ta daina shan ruwa da rana, ta wuni tana ɓarar gyaɗa cikin zafi, tana matse fitsari har tsoho ya shige ɗaki da magariba... kullum haka, wata biyar!

Ranar da Gaji ta ga jini a tsumman Hure, ba kuwa lokacin al'adarta ba ne, kafin azahar labari ya gama bakin rijiya: wai ciwon maza ne ta kwaso a waje. Bappa ya yanke hukunci, gobe a sallame ta.

"Yaya Gaji, don girman Allah, ina za ni?" in ji Hure, hawaye shaɓe-shaɓe. "Wallahi ban san kowa ba sai ƙaninki... Ya Allah, Kai ne shaidata!"

Gwadabe ya durƙusa ya roƙi mahaifinsa a fara kai ta asibitin Gaya. Tsoho ya yarda, aka ɗora ta a kan jaki, Gaji ta biyo su a ƙasa, don ta ji tonon asirin da kunnenta.

Malama Adama, unguwarzomar asibitin, ta sa aka auna fitsarin, sannan ta tambayi Hure sau nawa take zagayawa a wuni. Da ta ji amsa sai ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Wannan ba ciwon lalata ba ne, Malam. Riƙe fitsari da ƙishirwa suka jawo shi, saura kaɗan ya taɓa ƙoda. Ga magani. Ki sha ruwa sosai, da kin ji fitsari ki tafi, tsarki kuma daga gaba zuwa baya. Wane mara imani ya hana ki zagayawa?"

Hure ta sunkuyar da kai, ko a nan ba ta kama sunan kowa ba. Gwadabe ya juya ya dubi yayarsa.

Da Bappa ya ji komai, ya yi kuka da hawayensa. Ya sa Gaji ta je bakin rijiya ta ƙaryata kanta a gaban mata, ta kuma tattara kayanta zuwa gidan kawunta a Ajingi. Sannan ya dogara sanda har ƙofar ɗakin surukar da bai taɓa yi wa magana ba.

"Da sunana aka cuce ki, ban sani ba," ya ce. "Ki yafe mini, 'yata. Nan ne gidanku, ba inda za ki."