Ranar da Aka Je Lilo da Inna

"Abba, ka yi alkawari fa! Ka ce in an yi hutu za ka kai mu wurin lilo!"

Ummulkhairi ce ke jan hannun rigar babanta, ƙaninta Mahadi yana tsalle a kan kujera yana maimaita duk abin da ta faɗa. Mannir ya ajiye kofin shayi yana dariya.

"To, yau ɗin ce ai. Ku tambayi Ummanku."

Sadiya ta leƙo daga kicin, hannunta duk fulawa. "Anti Zainab ta bugo, ta ce ƙarfe uku a can za mu haɗu. Filis, Abban Ummul, kar ka sa mu makara, ka san halinta."

Ya san halin kuwa. Zainab yayar Sadiya ce, matar wani babban ɗan kasuwa a Kaduna, ta zo Gusau hutu da 'ya'yanta. Ita ce ta fi kowa tayar da jijiyar wuya lokacin da Sadiya ta ce sai Mannir. "Ɗan manomi daga Nahuce? Haba Sadiya!" Ko bikin ma ba ta zo ba. Sadiya ta tsaya kai da fata har aka ɗaura, amma maganar nan ta zauna wa Mannir a ƙirji kamar ƙaya. Shi ya sa tun jiya ya kai mota wanki, ya fito da shaddarsa ta sallah.

Suna cikin shiri aka yi sallama a ƙofar gida. Mannir ya tsaya cak da ya ji muryar.

Inna Hanatu ce, mahaifiyarsa, da ƙullin kaya a ka, silifas ɗinta duk taɓon damina. Yaran suka ruga suka rungume ta.

"Ina angona? Kai, ka rame! Ba su ba ka tuwo ko?" Ta ɗaga Mahadi tana dariya. Ta kwance ƙulli: ga hoce na garin dawa, ga dafaffiyar gyaɗa, ga ɗanyar masara.

Sadiya ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. "Inna, kin zo a daidai! Yau fita za mu yi da yara, da ke za a je."

Mannir ya bi ta kicin ya rage murya. "Ki bar ta ta huta mana. Ta sha hanya."

"Daga Nahuce zuwa Gusau ce hanya? Mu bar ta ita kaɗai a gida kamar mai gadi?" Ta dube shi. "Ko akwai wani abu?"

"Babu."

Wurin wasan ya cika maƙil. Ruwan safe ya wanke gari, ciyawa ta yi kore shar, iyalai sun baza tabarmi a gindin itatuwa. Yara na ihu a kan lilo, wasu sun yi layi a wurin jirgin ƙasa na wasa, mai askirim yana ta kaɗa ƙararrawa. Inna ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Wanga abu mai juyawa, ba ya kayar da su?"

Mahadi ya hango lilo ya fara kuka, Sadiya ta ɗauke shi suka nufi can. Tafiyarta ke da wuya sai ga Anti Zainab, ƙamshin turarenta ya riga ta isowa, 'ya'yanta biyu na biye da ita.

"A'a, Mannir, ka yi ƙiba! Aikin gwamnati ya karɓe ka." Ta dubi tsohuwar da ke zaune a bakin tabarma tana ɓare wa Ummulkhairi gyaɗa, ta dubi faso a dugaduganta. "Wannan fa? Mai reno kuka ɗauko?"

Kalma ɗaya ce ake nema a bakinsa. Ya buɗe baki, ya ga gwal ɗin hannun Zainab, ya tuna "ɗan manomi". Sai ya ji kansa yana cewa, "E... daga ƙauye take. Tana ɗan taimaka mana da yara."

Hannun Inna ya tsaya a kan gyaɗar. Ba ta ɗago ba. Can ta ci gaba da ɓarewa.

"Yawwa! Baba, riƙe min jakar nan, ga takalman yara, ki kula kar a taka." Zainab ta zube mata kaya a cinya ta ja 'ya'yanta suka tafi ɗaukar hoto.

Inna ta tattara takalman ɗaya bayan ɗaya, ta sa gefen zanenta ta goge musu taɓo. Mannir na tsaye, zufa na bin bayansa duk da iskar da ke kaɗawa. Ya so ya ƙwace takalman, ƙafarsa ta ƙi motsi.

Haka Sadiya ta dawo ta tarar.

"Inna! Wa ya jibga miki kaya haka?"

"Ni ce," in ji Zainab da ke dawowa. "Ba mai aikinku ba ce?"

"Mai aiki? Anti, Inna ce fa! Mahaifiyar Abban Ummul! Wa ya ce miki mai aiki ce?"

Ummulkhairi ta ɗaga kai, bakinta cike da gyaɗa. "Abba ne ya ce."

Ihun yara da kiɗan wurin duk suka yi wa Mannir nisa. Sadiya ta juyo ta dube shi, hawaye kawai ya ga ya taru a idonta. Da mari ta yi masa da ya fi sauƙi.

Inna ce ta katse shirun. "Ai gaskiya ya hwaɗi, ɗiyata. Reno na zo yi. Mi kaka ka yi in ba reno ba?"

Zainab ta zube a kan tabarma, mayafinta ya zame, tana kwashe takalman daga cinyar tsohuwar. "Inna, ki yafe min, wallahi ban sani ba! Innalillahi... uwar miji na sa riƙon takalmi!"

Ba wanda ya iya cin abincin da aka zo da shi. A mota ba mai magana sai Mahadi da ke ba Inna labarin lilo, ita kuma tana amsa masa kamar ba abin da ya faru.

Da suka isa gida, Sadiya ta rufe ƙofar ɗaki ta jingina da ita.

"Sadiya, ki saurare ni, don ke na yi. Ba na son 'yan'uwanki su ƙara—"

"Kar ka ce don ni!" Ta katse shi. "Na san daga inda ka fito tun ranar da ka fara zuwa zance da takalmi ɗinkakke. A haka na so ka, a haka na yi faɗa da gidanmu. Yau ka sa Anti ta ga kamar ita ce mai gaskiya. In ka iya musun wadda ta haife ka a gaban mutane, ni da aka ɗaura mana aure kawai fa? Ran da na tsufa me za ka ce ni ce?"

Ya zauna a bakin gado ya sunkuyar da kai.

Washegari Inna ta ce gona na jiranta. Sadiya ta fito da jakar kayan yara. "Za mu bi Inna mu yi hutu a can, in ka yarda."

Ya gyaɗa kai. Bai iya haɗa ido da kowa ba har suka shiga mota.

Satin nan Mannir bai san inda yake ba. A ofis ya zauna da fayil a buɗe ba ya ganin rubutu. A masallaci liman ya yi maganar haƙƙin iyaye, ya ji kamar duk sahu shi ake kallo. Ya ɗauki waya ya kira Sadiya ya kashe kafin ta shiga, ba sau ɗaya ba. Ran Asabar da hantsi ya kama hanyar Nahuce.

A gida aka ce masa suna gona. Ya bi tsakanin dawa da ta kai kafaɗa, raɓa na jiƙa masa wando, har ya ji dariyar 'ya'yansa. A gindin wata tsamiya an ɗaure igiya da guntun katako, Mahadi na kai yana ihu, Ummulkhairi na turawa. Sadiya na gefe da zanen Inna a jikinta tana gasa masara. Inna na zaune a kan buhu, 'yan matan maƙwabta masu taya ta cirar ciyawa sun kewaye ta.

"Abba! Abba ya zo! Zo ka ga lilon Inna, ya fi na Gusau!"

Bai tsaya ba. Ya wuce kai tsaye ya zube gwiwa biyu a cikin laka a gaban Inna, a gaban kowa.

"Inna, na yi abin kunya. Na ji kunyarki a gaban mutane, alhali ni ne abin a ji wa kunya. Ki yafe min don Allah." Kuka ya ƙwace masa, irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa.

Inna ta kau da kai, ta daɗe tana duban dawa.

"Ya yi mini ciwo, ba ni ɓoye maka," ta ce a hankali. "Amma tun cikin mota na yahe, don kar hushina ya bi ka. Tashi, ɗiyanka na kallo." Ta nuna Sadiya da haɓa. "Waccan za ka roƙa. Tun da ta zo ba ta bari na ɗebi ko ruwa ba, kuma kullum sai na ji tana ba ka uzuri gun yaran ga. Ka riƙe ta da kyau."

Ya juya ga matarsa. "Sadiya..."

Ta share ido da bayan hannu, ta ciro masara daga wuta ta miƙa masa. "Ci, ka rame. Kuma ka tashi daga lakar nan, ni ce mai wanki."

'Yan matan suka tuntsire da dariya, har Inna sai da ta murmusa. Suka wuni a gonar, yara na bin fara, Mannir na tura lilo har hannunsa ya gaji.

Tun daga ranar, duk wanda ya zo gidansa ya tarar da tsohuwar, kafin ya tambaya Mannir zai ce, "Mahaifiyata ce." Haƙurin Inna ya dawo mata da ɗanta, haƙurin Sadiya ya tsare mata aurenta. Wanda duk ya ɓoye iyayensa don mutane su girmama shi, ya sani ranar da asiri ya tonu a gaban mutanen nan zai fi kowa ƙanƙanta.