Damin Itacen Ungozoma

Can a wani zamani, akwai wani ƙauye a kan dutse inda sanyi ke ratsa ƙashi. Tun da bazara kowane magidanci yake faskara itacen ɗumama ɗaki, ya kuma kai wa tsohuwar ungozomarsu dami ɗaya.

Wani manomi ya saro kirya mai kyan garwashi, ya jera a rumfarsa. Sannan ya tattaro ruɓaɓɓen itacen da gara ta cinye, ya ɗaure wa tsohuwa.

Matarsa ta ce, "Maigida, wannan ai hayaƙi kawai zai yi."

Ya ce, "Ba a ɗakinmu za a hura ba."

Da sanyi ya kankama, matar ta je gaida tsohuwa, sai naƙuda ta kama ta a can, ta haifi 'ya mace. Manomi ya zo da gudu. Ya tarar ɗaki ya turnuƙe da hayaƙi, babu ɗumi ko kaɗan, jaririya tana ta tari. Tsohuwa na durƙushe tana hura wuta, idanunta sun yi jawur.

Ta ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. Mai kyan ya ƙare, wannan damin kaɗai ya rage."

Ya dubi igiyar damin, ya gane tasa ce. Ya koma gida ya ɗauko kirya a ka.

Da bazara ta zagayo, ya sake faskare. Matarsa ta ce, "Wanne ne na Iya?"

Ya ce, "Wanda zan yarda a hura a ɗakinmu."