Cokali Ɗaya na Sukari

Ina tsaye a gefe lokacin da Mama ta ajiye kofin a gaban Efraín.

A garinmu ba a ce wa mai neman aure a'a da baki. Uwar yarinya ce ke haɗa masa gahawa. In ya ji sukari, an ba shi. In ya ji ɗaci, sai ya shanye, ya yi godiya, ya kama hanya.

Ya kurɓa... sai ya shanye.

"Na gode, Doña Casilda," ya ce wa Mama.

Na shige kicin na ɓoye fuskata a littafi, ina maimaita layi ɗaya ba na gane komai.

Dalilin Mama kowa ya san shi. Efraín ya yi yaƙi a ɓangaren 'yan tawaye, yayana Wilmer kuwa soja ne, kuma bai dawo ba. Ƙasarmu Valdemora ta yi sulhu, an ajiye bindigogi, amma Mama ta ce ita ba wanda ya tambaye ta. Yanzu aikin Efraín cire nakiyoyi ne a dutsen bayan gari. Inda ya share sai ya jera fararen duwatsu, inda bai kai ba jajaye.

Washegari baƙinmu suka iso. Rabon masaukinmu da 'yan yawon buɗe ido tun kafin yaƙi, sai ga su a ranar da rediyo ya tashi da labarin rikicin zaɓe, wai sojoji sun fito titi a babban birni. Wata baƙuwa ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, na ci gaba da raba kofuna.

Maritza ta leƙo ta ƙofar baya. Babanta ke da ɗaya masaukin na bakin teku, wanda ko baƙo ɗaya bai samu ba, ita kuma ta daɗe da sa wa Efraín ido.

"'Yar littafi, an ce jiya ɗaci aka sha? Ki gaya masa gidanmu sukari har tururuwa ta gaji da shi."

Ni kullum sai mutum ya tafi amsa ke zo mini.

Da tsakar rana ƙarar ta tashi, ɗaya bayan ɗaya, daga bayan katangarmu.

Sai daga baya muka san rokokin biki ne Maritza ta kunna, don baƙin su tsorata su koma gidansu. Tun yaƙi ba wanda ya sake kunna su a garin. Baƙin tafi suka yi, suna ɗaga wayoyi sama. Mu ne muka zube ƙarƙashin tebura.

Ban da Mama. Ita abin da ta saba yi shekara da shekaru ta yi: ta sauke tukunyar wake daga wuta, ta rungume, ta nufi kogon da muke ɓuya lokacin yaƙi, ta tsohuwar hanyar yanke.

Hanyar nan yanzu jajayen duwatsu ne.

Na bi ta ina kira har muryata ta dushe. Kafin in isa ta shige cikin ciyawa, ta tsaya cak. Ta gane inda take.

Ban san ta inda Efraín ya ɓullo ba.

"Kada ki motsa, Doña. Ko ƙafa kada ki gyara."

Na kama rigarsa, na roƙe shi ya jira abokan aikinsa su zo da na'ura. Ya ce gwiwoyinta ba za su kai lokacin ba.

"Sake ni, zuciyata..."

Bai tafi a miƙe ba. Ya yi dama, ya kewaye wani kututture, ya dawo hagu, kamar mai tafiya a ɗakinsa. Ni numfashi ma na manta da shi.

Da ya isa, Mama ta dube shi.

"Yaya aka yi ka san inda za ka taka?"

A raina na ce ka yi ƙarya, Efraín, don Allah ka yi ƙarya.

"Nakiyoyin wannan gefen ni na binne su."

Har rediyon maƙwabta ina jiyowa daga ƙasa.

"Wilmer... ta nan ya bi?"

"Ban sani ba, Doña. Da na sani da na gaya miki. Shi ya sa kullum nake kan dutsen nan."

Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta miƙa masa tukunyar.

"Riƙe. Ka zubar min da wake ka gani."

Ta kama bel ɗinsa ta baya, tana sa ƙafa a sawunsa, har suka tsallako jajayen duwatsun. Ni ce na faɗi zaune, ba ita ba.

Da yamma rabin baƙin suka tattara suka tafi, ba don rokoki ba, don labarin birni. Baban Maritza ya jawo ta ta ba da haƙuri, Mama ko kujera ba ta nuna musu ba. Ta ɗora ruwa a wuta, ta ce in kira "mutumin nan".

Ya zauna inda ya zauna jiya. Ta ajiye kofi. Ya kurɓa, na kasa karanta fuskarsa.

"Cokali ɗaya ne," in ji Mama, ta juya mana baya. "Na biyun sai ranar da jan dutse na ƙarshe ya koma fari."

Ban yarda ba sai da na karɓe kofin daga hannunsa na ɗanɗana da kaina.

Da ɗaci, sosai ma. Amma can ƙasan harshena, akwai sukarin.